Daga wace rana ake fara ƙirga shekarun ikilisiya?

Magatakarda_BayanGari:
Salama a gare ku duka. Ni ne magatakardan wata ƙaramar ikilisiya da ke sabuwar unguwa a bayan garin Zariya, kuma majalisar dattawa ta ɗora mini aikin rubuta ɗan littafin tarihinmu saboda bikin godiya da muke shiryawa. Tun ban sa alƙalami a takarda ba kanmu ya rabu. Wasu sun ce shekararmu 10, domin suna ƙirgawa daga Lahadin da iyalai 6 suka fara taruwa a zauren wani dattijo, a kan tabarmi biyu da benci ɗaya na aro, ana karɓar baiko a murfin kwanon sha. Wasu sun ce shekararmu 4 ce kawai, domin a lokacin ne ɗarikarmu ta tabbatar da mu, ta turo mana fasto, aka buɗe mana littafin baftisma na kanmu. Akwai kuma masu cewa a fara daga ranar da aka keɓe ginin majami'a. Yawancin masu cewa 4 sun zo ne bayan an gama wahalar zaure, masu cewa 10 kuwa su ne suka sha ta, shi ya sa maganar ta fara taɓa zuciya. Ina roƙon iyayenmu da malamanmu da ke nan su gaya mini yadda tsofaffin ikilisiyoyi suka yi da wannan tambaya.

DattijonWusasa:
Ɗana magatakarda, tambayarka ta fi ikilisiyarku tsufa, kuma amsarta tana kusa da ku. Idan ka tambayi mutane yaushe aka kafa ikilisiyar Wusasa, da yawa za su ce maka 1929, saboda shekarar da aka gina majami'ar St. Bartholomew ke nan, ginin ƙasa irin namu na Hausa, mai kaurin bango da bakan gizo a ciki, wanda har yau yana tsaye. Amma mutanen da suka shiga wannan gini sun riga sun zama jama'a ɗaya tun da daɗewa. A 1900 Bishop Tugwell ya jagoranci tawagar CMS, ƙungiyar mishan ta ɗarikar Anglika, zuwa Kano, Sarki Aliyu Babba bai yarda su zauna ba, suka juyo. A cikinsu akwai Dokta Walter Miller, wanda ya koyi Hausa a Tarabulus kafin ya zo, kuma shi ne ya zauna a cikin birnin Zariya daga 1905, yana ba da magani, yana koyar da yara a gidansa. Daga 1913 aka sami wani zama na biyu a Gimi, inda wasu daga zuriyar Isawa, mabiyan wani malamin Kano mai girmama Annabi Isa, suka taru suna noma suna sujada, har ciwon barci ya auka musu ya kashe da yawa, sauran suka watse ko suka koma Zariya. Wusasa ta tattara ragowar waɗannan biyun ne. Don haka wanda ya fara tarihinmu daga 1929 ya bar kaburburan Gimi a waje, ni kuwa zuciyata ba za ta yarda da haka ba.

Fasto_MaiRitaya:
Baba Dattijo ya yi magana mai nauyi, amma ina so in tsaya wa masu cewa 4 kaɗan, domin kada a ɗauka girman kai ne kawai ya sa su. Taron addu'a daban, ikilisiya daban. Kafin a tabbatar da ku, wa yake yi muku baftisma? Wa yake ba ku Jibin Ubangiji, wa yake ɗaura muku aure? Na tabbata uwar ikilisiya ce, kuma sunayenku suna cikin littafinta, zakkarku tana shiga asusunta. A tsarin yawancin ɗarikunmu, wurin da bai kai matsayi ba ana kiransa gidan addu'a, yana ƙarƙashin kulawar wata ikilisiya har ya iya riƙe fasto, ya zaɓi dattawansa, ya biya abin da gunduma ta yanka masa. Na yi hidima a wurare da dama, na ga taron zaure masu zafi da suka mutu cikin damina biyu saboda mai zauren ya sami canjin wurin aiki. Tsari shi ne yake sa aiki ya wuce rayuwar mutum ɗaya.

MamanTagwaye:
Fasto, da girmamawa, ni ba zan iya jin wannan in yi shiru ba. A ikilisiyarmu ni ina cikin matan da suka ɗauko yashi daga rafi da kwanon sarki, muna fita tun asuba kafin mu dawo mu ɗora koko, wasunmu da goyo a baya. Maza suna buga bulo ranar Asabar, mu muna kawo ruwa. Shekara biyu muna sujada a gini marar ƙofa da taga, idan hadari ya taso mu matsa gefe ɗaya mu ci gaba da waƙa. Da aka zo rubuta tarihi, sai na ga sunayen fastoci a jere da shekarunsu, na ga sunan babban baƙon da ya yanke ƙyalle, amma Zumuntar Mata layi ɗaya aka ba ta. Tsohuwar da ta share wurin nan kowace Asabar har ƙafarta ta gaza, ko sunanta babu. Ɗan'uwa magatakarda, ko wace shekara kuka zaɓa, ka je ka zauna da matan nan ka rubuta abin da za su gaya maka, tun suna da rai.

ƊanGarkida:
Mu a EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, mun daɗe da yanke wannan hukunci, kuma mun bi hanyar masu zaure. Ranar 17 ga Maris 1923 Stover Kulp da Albert Helser, waɗanda suka zo daga Amurka, suka yi sujada ta farko a gindin tsamiya a Garkida. A ranar babu gini, babu littafin membobi, babu ko mutum ɗaya na ƙasar da aka yi wa baftisma, domin baftismar farko sai a 1927 aka yi ta. Duk da haka wannan rana muke tunawa kowace shekara, kuma da ita muka yi bikin cika shekara 100 a 2023. In har gindin tsamiya ya isa a ƙirga daga gare shi, ban ga abin da zai hana zaure ba.

MalamarTarihi:
Ina so in yi wa maganar Baba Dattijo ɗan gyara a kan Isawa, ba don ya yi kuskure ba, sai don masu karatu kada su ɗauki abin da bai faɗa ba. Isawa almajiran Malam Ibrahim ne, wani malamin Kano da ya ba Annabi Isa matsayi na musamman a karatunsa, aka kashe shi a zamanin Sarki Abdullahi, wajen 1867, mabiyansa suka bazu, wasu suka nufi ƙasar Ningi. Ba su kira kansu Kiristoci ba, daga cikin karatun Alƙur'ani suka fito, kuma wani ɓangare ne kawai na zuriyarsu ya haɗu da Dokta Miller daga baya. Na faɗi haka ne domin akwai jarabar da take kama duk mai rubuta tarihin ikilisiya, wato ya riƙa jan asali baya har ya shigo da mutanen da su kansu ba za su gane kansu a cikin labarin ba.

Game da tambayar kuwa, ECWA misali ce mai kyau na riƙe shekara biyu ba tare da rigima ba. A 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, waɗanda suka fara ƙungiyar mishan ta SIM da ta haifi ECWA, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan, kamar yadda ake kiran yankinmu a lokacin. Cikin shekara guda Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham ya koma gida da ciwo. Tashar farko da ta tsaya ita ce ta Patigi a 1902. Amma ECWA a matsayin ikilisiya mai tsarin kanta sai a 1954 ta kafu. Idan ana maganar aikin bishara sai a ce 1893, idan ana maganar ikilisiya sai a ce 1954, kowace shekara da abin da take amsawa. Magatakarda zai iya yin haka a shafin farko, ya rubuta ranar fara taro, ya rubuta ranar tabbatarwa, ya rubuta ranar keɓe gini, kowace da sunanta na gaskiya.

Magatakarda_BayanGari:
Na gode Malama, na gode Baba. Shafin farko zai iya ɗaukar ranaku uku, amma allon da za a rataya a ƙofa da zanen da mata za su ɗinka lamba ɗaya za su ɗauka, a nan gizo ke saƙar. Mama, maganarki ta kama ni, domin jerin da na fara yi na fastoci ne da masu ba da babbar gudummawa. Wata matsalar kuma ita ce, ɗan littafin da aka riƙa rubuta baiko da sunayen masu zuwa a shekarun zaure, gara ta ci rabinsa a cikin akwati. Abin da ya rage shafuka ne kaɗan, wasu ma sai an ɗaga su a rana ake gane rubutun.

Injiniya_Kakuri:
Ka ɗauki hoton kowane shafi da waya yau ɗin nan, har waɗanda suka yage, ka ajiye a wurare biyu. Sannan ka haɗa da takardun fili, da rasit ɗin sayensa, da sunayen shaidu. Mu filinmu an saye shi da baki da amana, da mai filin ya rasu magada suka zo da wata magana, muka yi shekaru muna kai da kawowa. Tarihin da ba shi da takarda yakan zama rigima a hannun jikoki.

ƊanGarkida:
Akwai wani abu a tambayar magatakarda da ba mu taɓa ba, wato girman ikilisiyar. Ɗan'uwa, daga iyalai 6 kun kai nawa yanzu, kuma daga ina sababbin suka fito? Ina tambaya ne saboda abin da ya same mu. A Oktoba 2014 Boko Haram suka kama hedikwatarmu da ke Kwarhi, mutanenmu suka watse zuwa Yola da Jos da Abuja, wasu har Kamaru. A wuraren da suka sauka ikilisiyoyi sun cika maƙil, an buɗe sababbi, wanda ya duba lissafi daga nesa zai ce aiki ya haɓaka. Amma kowane benci da ya cika a can, wani benci ne ya zama kango a gida. Ni da kaina na zauna a irin wannan sujada, ana waƙar yabo, mata suna share hawaye da bakin mayafi, kowa yana tuna majami'ar ƙauyensu da aka ƙone. Idan za ka rubuta cewa kun ƙaru, ka rubuta ta wace hanya kuka ƙaru.

Magatakarda_BayanGari:
Gaskiyarka ɗan'uwa. A ranar Lahadi mai kyau mukan haura mutum 200 har da yara, kuma idan na faɗi tsakanina da Allah, yawancinsu Kiristoci ne tun asali. Wasu haya ce ta yi musu tsada a cikin gari suka sayi fili a nan, wasu ma'aikata ne da ɗalibai, wasu kuma rashin tsaro ne ya taso su daga ƙauyuka. Waɗanda suka shiga ajin baftisma a hannunmu galibi 'ya'yanmu ne da suka girma.

MaiBishara_Karkara:
To wannan ita ce maganar da ta fi mini shekaru muhimmanci. Ikilisiyar da ta cika da ƙaura ba laifi ta yi ba, karɓar baƙo aikin Allah ne, amma kada ta ɗauka ta gama aikinta. A 1948 aka kafa ƙungiyar aika masu bishara da ake kira EMS, tun kafin ECWA kanta ta sami suna, domin 'yan ƙasa su aiki 'yan'uwansu da kuɗin aljihunsu, ba su jira sun yi ƙarfi ba. Iyayenmu manoma ne, da dawa da gero suka riƙe masu bishara. Ni a ganina ikilisiya takan balaga ne ranar da ta fara ɗaukar nauyin wani wuri da ba nata ba. Ku da kuke da mutum 200, akwai wani zaure da kuke kula da shi yanzu kamar yadda aka kula da naku?

Mawaƙiyar_Kwaya:
Ku gafarce ni in na ɗan kauce, amma girma yana zuwa da wata matsala da mu matasa muke gani. Da muna kaɗan, da Hausa ake komai, kowa ya san waƙoƙin da ka. Da muka ƙaru aka raba sujada biyu, ta Turanci da safe, ta Hausa daga baya, sai ga shi mun zama kamar ikilisiya biyu a gini ɗaya. Iyaye suna zuwa ta Hausa, 'ya'yansu suna zuwa ta Turanci, akwai yaran da ba su taɓa jin dattawan da suka kafa wurin sun yi addu'a ba. Magatakarda, da wane harshe za ka rubuta littafin?

DattijonWusasa:
'Yata, ba ki kauce ba. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, Dokta Miller yana cikin manyan waɗanda suka yi aikin, tare da Hausawan da suka zauna da shi suna auna kalma da kalma. Wannan littafi shi ya haɗa Angas da Baju da Bura da Bacama a benci ɗaya a garuruwan da ba nasu ba. A Kaduna ma haka aka yi, ma'aikata daga ɗariku daban-daban suka ga ba su da yawan da kowa zai gina tasa, suka haɗu suna sujada da Hausa, daga nan ɗarikar HEKAN ta fito. Wusasa kanta ba ta Hausawa kaɗai ba ce, mahaifin Janar Yakubu Gowon mai bishara ne da ya zo daga ƙasar Angas, a nan ɗansa ya tashi. Kuma wannan ƙaramar jama'a, saboda ta riƙe makaranta da asibiti tun tana jaririya, ita ta ba Arewa likitanta na farko, Dokta Dikko, ta ba Jami'ar Ahmadu Bello shugabanta ɗan ƙasa na farko, Farfesa Ishaya Audu. Ba su da yawa a lokacin. Malama, na karɓi gyaranki a kan Isawa, haka abin yake.

ƊanMaradi:
Gaisuwa daga Nijar. A wajenmu SIM ta shigo Damagaram a 1924, asibitin Galmi ya buɗe a 1950, amma har yau akwai garuruwan da masu bi ba su cika tabarma uku ba. Idan muka ce sai an tabbatar da wuri bisa yawan mutane da ƙarfin aljihu kafin a fara ƙirga masa shekaru, wasu wuraren da kakanni suka yi sujada, 'ya'ya suka yi, jikoki suke yi, ba a haife su ba ke nan. Na san ƙauyen da mai bishara yake zuwa a kan babur sau ɗaya a wata, sauran Lahadin wani manomi ne yake karanta Littafi ya yi addu'a a watse. Ni ikilisiya nake kiransu.

Fasto_MaiRitaya:
Ɗan'uwa na Maradi, ban musa maka ba, kuma Mama, ban raina yashin da kuka ɗauka ba, Allah ya sani. Na koma na karanta Ayyukan Manzanni sura 11 saboda wannan muhawara. Ikilisiyar Antakiya waɗanda tsanani ya watsar bayan mutuwar Istifanas ne suka fara ta, mutanen Kubrus da Kurane da ba a ko ambaci sunayensu ba, wannan yana goyon bayan masu zaure, yana kuma ta'azantar da ɗan'uwanmu na Garkida. Amma da labari ya kai Urushalima sai aka aiki Barnaba, shi kuma ya ɗauko Shawulu daga Tarsus, suka yi shekara guda cur suna koyarwa, a nan ne aka fara kiran almajirai Kirista. Ina ganin dukan ɓangarorin biyu suna cikin surar. Abin da nake tsoro kawai shi ne masu zaure su mayar da shekarun nan 6 hujjar mallaka, su riƙa ganin wanda ya zo daga baya baƙo ne ko da ya yi shekara 4 yana hidima. Na ga inda kalmar “mu muka kafa” ta raba ikilisiya gida biyu, sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

MamanTagwaye:
Wannan kam gaskiya ne Fasto, na gan shi da idona, har a cikin Zumuntar Mata. Amma maganinsa ba a share sunan na farko ba ne, a rubuta na farko, a rubuta na baya, har waɗanda suka yi fushi suka tafi, domin su ma sun ɗauki bulo.

MalamarTarihi:
Maganar Mama ta ƙarshe ita ce mafi wuya a aikace. Littattafan biki sukan tsallake rigima kamar ba a taɓa yi ba, bayan shekara 30 kuma babu mai iya bayyana dalilin da ya sa wasu iyalai suka ɓace daga lissafi. Ba sai ka ambaci wanda ya yi laifi ba, ka rubuta cewa an sami saɓani a kan abu kaza, an sasanta ta hanya kaza. Sannan idan ka je wurin tsofaffi, ka tambaye su ɗaya bayan ɗaya, kada ka tara su, domin a taro mai babbar murya ne yake zama tarihi. Inda biyu suka saɓa a kan rana ko wuri, ka rubuta duka biyun.

Magatakarda_BayanGari:
Na kai wa majalisa abin da kuka faɗa a zamanmu na daren jiya. Ba a yanke hukunci a kan lambar da za a sa a zane ba, dattawa biyu suna nan a kan 10, ma'aji yana nan a kan 4, fasto ya ce a ba shi mako biyu ya ji ta bakin gunduma. An dai amince littafin ya fito da Hausa da Turanci, an kuma ba ni 'yan kwaya biyu su riƙa ɗaukar murya da waya. Tambayar mai bishara ta sa ɗakin ya yi tsit, domin babu wani zaure da muke kula da shi, an sa ta cikin abin da za a tattauna a zama na gaba. Gobe da yamma zan je wurin matar dattijon da muka fara a zaurensa, shi ya riga mu gidan gaskiya, ita kuwa ta aiko mini cewa murfin kwanon baikon yana nan a ɗakinta.

Injiniya_Kakuri:
Ka ɗauki hotonsa shi ma. Kuma ka tambaye ta wa ya ba da aron bencin.

ƊanGarkida:
Baba Dattijo, kafin a tashi, ina da tambaya a kan Gimi. Waɗanda suka tsira daga ciwon barcin, akwai zuriyarsu da har yanzu suke zuwa ziyarar wurin, ko kuwa a baki kawai labarin ya rage?